Wasiƙa Daga Hamburg: Ƙaramin Jirgin da Ke Ɓata Babbar Tafiya

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida,

Ina gaishe ku daga Jamus, musamman masu 'ya'ya a Turai da masu shirin zuwa. Duk wanda zai taho gida daga Hamburg, galibi sai ya fara hawa jirgin Frankfurt, tafiyar kusan awa ɗaya. Hankalin kowa yana kan babban jirgin Abuja, ba a kula wannan ƙaramin, alhali shi ke kayar da mutum. Irin wannan jirgin yana ta kai da komo tun asuba, minti ashirin ɗin da ya ɓata da safe sai ya yi ta haihuwa har dare. Ga hunturu, sai an wanke wa jirgi ƙanƙara kafin ya tashi. Frankfurt kuma tun 2011 ba a sauka ba a tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba.

Bara na zauna a ɗakin jira da wani dattijo ɗan Damagaram, zai je auren 'yarsa, yana riƙe da ledar turarukan amarya a cinya. Aka ce jirginmu ya sami matsalar inji. Muna kallon allo lokaci yana ja da baya, har awa biyu. Kafin mu sauka, babban jirgi ya tafi.

A nan hanyarmu ta rabu. Ni tikiti ɗaya na yanka daga Hamburg har Abuja, shi kuwa wani ya yanka masa biyu daban don sauƙin kuɗi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana duba inda tikitinka ya ƙare ne. Idan ka isa can da jinkirin awa 3 ko fiye, diyya ta hau kan kamfani: yuro 250 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, har yuro 600 a wadda ta haura 3,500. Aka ba ni masauki da abinci da kujera washegari, daga baya kuɗina suka shigo. Na ce masa, "Baba, mu je mu tambaya." Ma'aikaciyar ta duba ta ce a wajensu tafiyarsa ta ƙare a Frankfurt, awa biyu kuma ba ta kai ga diyya ba. Na ga idonsa ya kaɗa. Sai da ya sayi sabon tikiti, araha ba ta yi ado ba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin mutanenmu ko tambaya ba sa yi. Haƙuri halin kirki ne, amma karɓar haƙƙi ba roƙo ba ne. Kamfani yana kuɓuta daga diyya idan mummunan yanayi ne ko yajin aikin masu ba jirage hanya, sai dai ko a nan ciyarwa da kwana suna wuyansa. Lalacewar inji ta yau da kullum kuwa, kotun Turai ta yanke tun 2008 cewa ba uzuri ba ce. Lokacin isa ma ana ƙirga shi ne daga sanda aka buɗe ƙofar jirgi, ba sanda taya ta taɓa ƙasa ba, don haka ku duba agogo ku ɗauki hoton allo.

Ku lura, idan daga ƙasar Tarayyar Turai kuka tashi, dokar ta hau kan kowane kamfani. Idan daga Abuja ko Yamai za ku zo, sai in kamfanin na Tarayyar Turai ne. Kada ku yar da katin shiga jirgi, kada kuma ku sa hannu kan takardar rangwamen tafiya ta gaba in kuɗi kuke so. A nan Jamus kuna da shekara 3 ku rubuta ku nema.

A gaida mutanen gida.

Ɗan uwanku a Hamburg