Ka duba tukuna kafin ka danna ristat

Jiya na hango yaron da muke koya wa aiki yana rubuta cron, wato jadawalin da ke buga umarni da kansa in lokaci ya yi, wai kullum ƙarfe uku na dare saba ta yi ristat da kanta tunda RAM, wato memorinta, na cika. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ta nan na shiga uku nima.

Lokacin ina riƙe da sabar wani shagon intanet, Nginx a gaba yana karɓar masu shigowa, Node a baya yana gudanar da manhajar shagon, ga websocket, wato haɗin da ke zama a buɗe, na hira da kwastomomi, RAM ɗin 2GB kacal. Memori sai hawa yake, sai na sa cron yana buga nginx -s reload duk awa, ni a ganina wanke shi nake, ashe fetur nake zubawa a wuta. In ka yi rilod, Nginx sabbin ma'aikata yake tasowa da su, tsofaffin kuma ba sa tafiya sai sun sallami duk wanda ke haɗe da su, shi kuwa websocket ba ya yankewa, to kowane rilod sai ya bar tsofaffi zaune da nasu memorin. Da na buga ps aux, umarnin da ke jero duk abin da ke gudana a saba, tun farko da na gansu a jere an rubuta "worker process is shutting down". Ban buga ba.

Amma fa a yi min adalci, ni kaɗai ne a wurin, oga na kira ba dare ba rana, babu kuɗin ƙara RAM, babu na gaba da zan tambaya, kowa ma abin da zai yi kenan. Sai dai uzurin nan bai hana OOM killer na Linux, mai kashe manhaja in memori ya ƙare, kashe MySQL, rumbun bayanan shagon, ana tsakiyar cinikin sallah ba, odar mutane ta salwanta, kuma har yau abin na ci min rai. A dmesg, inda Linux ke nuna saƙonninsa, na gani daga baya. Maganin layi ɗaya ne, worker_shutdown_timeout, mai sa wa tsofaffin ma'aikatan wa'adin tafiya, yana nan tun Nginx 1.11.11.

To ku ƙannena, kada ku yi ristat ba ku duba ba, ristat goge shaida yake. Ku buga ps, ku buga free -m mai nuna yawan memori, kuma available za ku kalla, ba buff/cache ne ke cinye muku memori ba. In Node ne ke yoyon memori, ku ɗau heap snapshot, wato hoton abin da ke cikin memorinsa, guda biyu da tazara tsakani ku kwatanta su a Chrome DevTools. Haushina da ku kenan, kuskure na fitowa kun kwafe kun manna wa ChatGPT, layin farko ma ba ku karanta ba, haba.

Kodayake in kwastomomi na ta kira shago ya tsaya, yi ristat ɗinka malam, kai har max_memory_restart na PM2, mai yi wa Node ristat in memori ya kai iyakar da ka sa, ka saka, ba zan ce ma komai ba. Amma ka adana abin da ps ya nuna a fayil kafin ka danna, gobe da safe kuma ka zauna a kansa.