Zanen wuta a allon kwamfuta: sana'armu a Kakuri

Ƙaramin kamfani ne da ni a Kakuri, ni da yarana na aiki, kuma sana'armu auna wutar lantarki. Ba ma sayar da sola, ba ma ɗaura waya a gidaje. Ana kiranmu ne idan inji yana ta ƙonewa ko yana tsayawa haka kawai, mai janareta ya ce ba daga wajensa ba ne, mai inbata ya rantse kayansa lafiya lau, mai masana'anta kuwa kuɗinsa na ta zurarewa. Kakuri unguwar masaƙu ce tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957. Manyan masaƙun sun durƙushe, amma ƙananan sana'o'i sun cika Kaduna: masu ruwan leda, masu ƙanƙara, masu casar shinkafa, masu abincin kaji, da ɗakunan gwaji na asibitoci. Kusan kowannensu da wuta iri uku yake aiki, ta Nepa da ta janareta da ta inbata, kuma kowace da halinta.

Mitar hannu da kowane mai gyaran wuta yake yawo da ita lamba ɗaya take nunawa, a ce bolt 230. Wutar kuwa ba a tsaye take ba. Hawa take yi tana sauka sau 50 a cikin sakan ɗaya, kowane zagaye milisakan 20, kuma ƙololuwarta takan kai wajen bolt 325. Matsalar da ke kashe inji sau da yawa a cikin 'yan zagayen nan take faruwa ta wuce, mita ba ta ko ankara ba. Shi ya sa muke amfani da osiloskop, na'urar da ke zana wutar yadda take tafiya. Tamu ta PicoScope ce, wadda ake jonawa da kwamfutar cinya, sai kuma wata na'ura da muke bari a wurin aiki ta kwana tana naɗar bayanai. Yaron da ya zo koyo, kafin ya taɓa manhaja sai ya haddace cewa ba a jona irin wannan na'ura kai tsaye da wutar gida, domin wayarta ta ƙasa, wato earth, a haɗe take da ta kwamfuta. Akwai tsinken awo na musamman da ke raba su, shi ake sakawa a tsakani.

Ɗaukar awo ba shi ne wahalar ba. Aikin gaske yana farawa ne bayan an dawo shago an buɗe manhaja, layuka sun cakuɗe a allo kamar zaren da kaza ta tattake.

Farko jerawa. Ƙa'idata ita ce duk zanen da za a kwatanta da juna, layin lokacinsu ya zama ɗaya. Ƙarfin wuta a sama, yawan wutar da inji ke ja a ƙarƙashinsa, saurin zagayen wuta a ƙasa, ta yadda idan ka ɗora yatsa a kan ƙarfe 2:14 ka gangaro, za ka ga abin da ukun suka yi a lokaci guda. Idan wuta mai layi uku ce, kowane layi nakan ba shi launin wayarsa da ke cikin akwatin wuta, ja da rawaya da shuɗi, don mai gyaran da zai karɓi rahoton kada ya tsaya tambayar wanne ne wanne. Kuma ukun dole ma'auninsu ya zo ɗaya. Manhaja idan ka bar ta, ita za ta zaɓa wa kowane zane ma'aunin da zai cika allo, sai layin da ya motsa da bolt 3 ya yi kama da wanda ya faɗi da bolt 60. Wannan zaɓin na kai-tsaye shi nake fara kashewa.

Sai zuƙowa, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Wani mai masana'antar ƙanƙara a wajen Kudenda ya kira mu saboda na'urar da ke sarrafa injinansa tana mutuwa tana tashi duk lokacin da suke kan janareta. Ya riga ya sallami makanikensa, yana shirin ɗauko wani. Zanen yini guda da muka naɗo lafiya lau yake a ido, layi a miƙe kusa da 230, sai wasu siraran tsaga nan da can waɗanda mai gaggawa zai wuce su. Muka zuƙo ɗaya daga cikinsu, daga awa zuwa minti, daga minti zuwa sakan biyu. Tsagar ta buɗe ta zama rami: ƙarfin wuta ya faɗo ƙasa da 180 na kusan rabin sakan, saurin zagaye ya sauka daga 50, a daidai wurin kuma zanen tsakiya ya nuna wutar da ake ja ta yi tsalle. Moton da aka tayar kai tsaye yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci yana cikin gudu. A wurin nan kwamfuresa, wato injin da ke samar da sanyi, da famfon rijiyar burtsatse ne suke tashi tare. Janaretan da dole ya riƙe juyi 1500 a minti kafin ya ba da zagaye 50 sai ya numfasa, na'urar sarrafawa ta ɗauka an ɗauke wuta. Aka sa jinkiri tsakanin tashin injinan biyu, matsalar ta kau, makaniken ya dawo bakin aikinsa.

Amma zuƙowa tana da iyaka, kuma manhaja ba za ta gaya maka ka kai iyakar ba. Na'ura ɗigo-ɗigo take ɗaukar awo, manhaja ce ke haɗa ɗigon da layi. Idan ka zuƙo fiye da yawan ɗigon da aka ɗauka, layin da kake kallo zanen kwamfuta ne kawai, ba abin da wuta ta yi ba. Ƙa'idar Nyquist, wadda injiniyoyi ke bi wajen ɗaukar awo, ta ce saurin ɗaukar ɗigon ya wuce ninki biyu na saurin zagayen abin da ake aunawa, a aikace kuwa ni ba na yarda da siffar zane sai ya kai ninki goma. Haka na'urar da aka saita ta riƙa ba da matsakaicin kowane minti goma, ramin rabin sakan zai narke a ciki, sai an kunna mata naɗar mafi ƙanƙanta da mafi girma. Kuma duk zanen da na zuƙo na sa a rahoto, sai na ajiye cikakken zanen a gefensa da akwati a kan wurin da aka ciro shi. Rabin sakan da ya cika shafi yana iya sa mutum ya zaci haka wutarsa take yini.

Rubutu a kan zane shi ne abin da yara suka fi raina wa, ni kuma shi na fi tsanantawa a kai. Akwai layukan awo da ake ja a ɗora a farkon rami da ƙarshensa, manhaja ta lissafa zurfi da tsawon lokaci. Wannan mai sauƙi ne. Abin da manhaja ba ta sani ba shi ne a nan aka ɗauke wutar Nepa, a nan mai gadi ya juya zuwa janareta, a nan aka tafi sallar Azahar aka kashe injina. Don haka yaro yana zaune a wurin da littafi, agogonsa an daidaita shi da na kwamfuta tun safe, yana rubuta duk abin da aka kunna ko aka kashe. A ranar muke kwafe shi a kan zanen, kafin a manta. Da Hausa muke rubutawa idan mai wurin Hausa yake karantawa, gajere, da kibiya a kan wurin. Abin da na gani nakan rubuta shi da baƙi, abin da nake zato kuma da wani launi, in sa kalmar “wataƙila” a gaba.

Dalilin wannan tsanani shi ne zanen nan shaida ce, kuma akwai wanda abincinsa ya rataya a kanta. Wani dillalin inbata ya taɓa zuwa shago bayan awonmu ya nuna wutar kayansa hawa-hawa take kamar matakala, alhali ya sayar da ita a matsayin mai santsi irin ta Nepa. Ya ce, “Injiniya, don Allah ka ɗan janye hoton baya, yadda ba za a ga gargadar ba.” Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, firjin maganin asibiti ne a kan wutar nan.” Da na janye zanen zuwa sakan biyar, babu lambar da na canza, amma da na ɓoye gaskiya. Na nuna masa zane na biyu, wanda ke rarraba wutar kashi-kashi, kowane saurin zagaye da sandarsa, bisa lissafin Fourier, Bafaranshen da ya wallafa aikinsa a 1822. Ban da sandar zagaye 50 ta ainihin wutar, ga wasu sun miƙe a 150 da 250 da 350, kuma su ne ke sa moto zafi da ƙugi. Ya karɓi kayansa ya kawo wata inbatar, muka sake aunawa a gabansa.

Rahotonmu ba ya wuce shafi huɗu ko biyar, kuma kullum muna haɗawa da ainihin fayil ɗin awon, domin manhajar PicoScope kyauta ake sauke ta, duk injiniyan da bai gamsu ba ya buɗe ya zuƙo da kansa. Ɗaliban Kaduna Polytechnic da ke zuwa mana koyon aiki, makonsu na farko ba sa fita ko'ina. Tsofaffin fayiloli nake ba su waɗanda na cire wa rubutu, su jera, su nemo ramin, su rubuta abin da suka gani. Wanda ya kawo mini zane babu ma'auni a gefe, babu kwanan wata, babu sunan layin da aka auna, yakan koma ya sake.