Inda iskar guba take sauka a kan filatinam

Kanikawan mota na Sabon Gari suna kiran wani ɓangare na salansa da suna "indomi", kuma duk mai mota ya san ɓarayi suna farautarsa. Abin da ya ba shi daraja shi ne ɗan filatinam da faladiyam da rodiyam da aka shafa a cikinsa, ƙura ce mai ƙanƙantar da sai da nanomita ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ɗaya daga cikin ayyukan waɗannan ƙarafa shi ne su riƙe iskar kabon monoksaid mai guba har ta haɗu da oksijin ta zama kabon dayoksaid, su kuwa ba sa ƙarewa. Wannan riƙon nake lissafawa a kwamfuta a nan Samaru.

Nakan gina dunƙulen ƙarfe mai ƙwayoyin zarra 55, in ɗora ƙwayar iskar a wani gurbi, sannan manhajar Quantum ESPRESSO, wadda kyauta ce, ta lissafa makamashinsu a haɗe da kuma a rabe. Bambancin shi ne ƙarfin riƙon. Hanyar lissafin ana kiranta DFT, tushenta aikin Walter Kohn ne da abokan aikinsa a 1964 da 1965, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1998.

Tun zamanin Paul Sabatier na Faransa aka fahimci cewa riƙon ya kamata ya zama matsakaici. In ya yi rauni, iskar ta wuce ba ta tsaya ba. In ya yi ƙarfi, sai ta zama baƙon da ya shimfiɗa tabarma ya ƙi tashi, oksijin ya rasa wurin zama. Haka ke faruwa a sanyi, shi ya sa indomi ba ya aiki sosai sai injin ya ɗauki zafi.

Zinariya ce ta fi ba ni mamaki. An daɗe ana ɗaukarta ƙarfen da ba ya kula kowa, har Masatake Haruta na Japan ya nuna a 1987 cewa in aka mayar da ita ƙura ta 'yan nanomita, tana ƙona kabon monoksaid ko da a sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Wani ɓangare na dalilin yana fitowa fili a lissafi: ƙwayar zarra da ke tsakiyar ƙarfe tana da maƙwabta 12, wadda ke shimfiɗaɗɗiyar fuska tana da 9, ta kusurwa kuwa 6 ko ƙasa da haka, kuma mai ƙarancin maƙwabta ta fi kama duk abin da ya sauka a kanta, irinta kuwa sun fi yawa in ƙarfen ya zama ƙura.

A watan jiya na gwada lissafin a kan shimfiɗaɗɗiyar fuskar filatinam, ya ɗauki kwana uku saboda ɗaukewar wuta, sakamakon kuma ya ce iskar ta fi son zama a ramin da ke tsakanin ƙwayoyi uku. Gwajin ɗakin bincike kuwa ya daɗe da tabbatar da cewa a kan ƙwaya ɗaya take tsayawa. Na kai wa malamina takardar ina tsammanin faɗa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ba kai ka yi kuskure ba, Peter Feibelman da abokan aikinsa sun bayyana wannan matsala tun 2001." Ƙiyasin da DFT ta saba amfani da shi ne yake ƙara wa ramin armashi fiye da gaskiya. Yanzu na sauya ƙiyasin zuwa wani mai nauyin lissafi, kuma tun daren Talata kwamfutar take kansa.