Duba rumbunka kafin ka je gyara ɗan'uwa

A ikilisiyoyin ƙauyukanmu na wajen Sumaila, Tudun Wada, Rano ko Roni, wanda kuke zama benci ɗaya da shi ranar Lahadi shi ne maƙwabcin gonarka, wataƙila ma surukinka ne. Shi ya sa da wuya gardamar koyarwa ta raba mu. Akuya ce ta ci gyaɗa, ko gero da aka ranta da damina har kaka ta wuce ba a biya ba, ko wata magana da aka yaɓa a bakin rijiya. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Gyara kuwa daga gida yake farawa, domin laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Abin da Yesu ya nuna ke nan a Matiyu 7:3-5, da misalin gungume da ɗan haki a ido.

Binciken kai yana bukatar a yanka masa lokaci, in ba haka ba, ba ya yiwuwa. Mafi dacewa shi ne daren Asabar, musamman idan an sanar za a ci Jibin Ubangiji, gama 1 Korintiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa tukuna kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Minti ashirin zuwa rabin awa ya isa. A zaure bayan yara sun kwanta, ko gindin bishiya a gona, waya a kashe. Ka fara da Zabura 139:23-24, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi. Dalilin farawa da wannan shi ne, zuciya alƙali ce mai karɓar toshi. Idan ita kaɗai ka bar wa shari'ar, kullum kai ne mai gaskiya. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi a 1979, don haka wanda bai iya karatun boko ba sai ya sa ɗansa ya karanta masa ayoyin biyu, sannan ya sallami yaron.

Daga nan ka bi makon rana bi rana, kana tambayar kanka abubuwan da ake iya taɓawa da hannu. Ranar kasuwa, da mudun da na sayo da shi na sayar? Waken da na kai, ban zuba mai ƙwari a ƙasan buhu ba? Sa'ad da nake huɗa, garmata ba ta ci kunya ɗaya daga gonar maƙwabci ba? 'Yan ƙwadagon da suka yi mini noma, na biya su a ranar, ko na ce su dawo gobe alhali kuɗin na aljihu? Kuɗin adashin da aka damƙa mini suna nan cif? Me na faɗa game da wani wanda ba zan iya maimaitawa a gabansa ba? Da wace irin murya na yi wa uwar 'ya'yana magana? Abin da ya fito, ka kira shi da sunansa. Addu'ar nan ta "mun yi zunubi cikin tunani da magana da aiki" daidai take a cikin taro, amma idan kai kaɗai ne, bargo ce ta lulluɓa. Ka ce wa Allah kwano uku ne, na wane ne, ranar kaza ce.

Abu biyu ke ɓata wannan zaman. Na farko, sai ka fara da kanka, kafin minti biyar ka tarar laifin matarka ko na fasto kake lissafawa. Da ka lura, ka dawo. Na biyu ya fi haɗari: mutum ya tona ya tona har ya yanke ƙauna, ya shekara yana tashi ya fita duk ranar Jibi wai bai cancanta ba. Ga yadda ake bambancewa. Idan Ruhu Mai Tsarki ne ke nuna maka, abu ɗaya zai nuna a sarari, da hanyar gyara shi. Muryar da ke cewa kai dai ba ka da amfani, ba ta kuma nuna ƙofa, ta Mai Sara ce, wato Shaiɗan. 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawarin gafara ga wanda ya furta.

Tuba da ba ta taka ƙasa ba kuwa ba ta cika ba. Zakka mai karɓar haraji ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu (Luka 19:8), Matiyu 5:23-24 kuma ta ce a ajiye baikon da aka kawo wa Allah a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Idan bashi ne ba ka da halin biya yanzu, je ka faɗa da bakinka, ku yanka lokaci: rabi idan an cire gyaɗa, sauran idan an yanke dawa. Mai bin bashi yakan jure jira. Ɓuya da kauce masa a hanya ne ke ƙona masa rai.

Sai wanda ya saba da wannan zaman ne ya kamata ya ɗauki sanda ya nufi gidan wani. Ko shi ma ya tsaya ya tace. Zunubi ne, ko dai halin mutumin ne kawai ba ya yi mini? Da idona na gani, ko an ce an ce ne? Karin Magana 18:17 ta lura cewa mai fara kawo ƙara yakan yi kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo an bincika. Wani abin ma a kau da kai kawai (Karin Magana 19:11). Idan ya cancanci magana, ka yi kwana biyu ko uku kana yi wa mutumin addu'a da sunansa har zafin ya sauka, amma kada ka bari ya kwana wata, don tun yana ɗanye ake tanƙwara icce.

Matiyu 18:15 ta ce kai da shi kaɗai. Ba a bakin ƙofar majami'a ana tashi daga sujada ba, ba a kasuwa ba, ba a gaban matarsa da 'ya'yansa ba, ba kuma ta saƙon murya a WhatsApp ba, wanda kafin magariba ya zaga gari. Ka same shi a gona, ka kama masa kunya ɗaya ko biyu, ku zauna a inuwa. A gama gaisuwa tsaf. Sannan magana ɗaya tak, ba tarin na shekara uku ba: "Ɗan'uwa, ranar Talata na gan ka ka fito daga gidan giya kana tangaɗi, yara na kallo. Abin ya dame ni. Ko akwai abin da ke cin ka?" Sai ka yi shiru. Nan ne yawancinmu ke faɗuwa, mu cika wurin da wa'azi. Sau da yawa a cikin shirun ne za ka ji cewa rumbu ya ƙare tun kafin shuka, ko an yi masa rasuwar da bai gama haɗiyewa ba. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi da tawali'u, kana lura da kanka. Idan ya harzuƙa, kada ka biye masa. Ka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ka yi sallama, ka ba shi mako guda.

Kunya ma tana da gurbinta. 1 Timoti 5:1-2 ta hana tsauta wa dattijo, ta ce a roƙe shi kamar uba. Yaro zai durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce ni, ban isa ba, amma akwai abin da na kasa barci da shi." Suruki kuwa ba a tinkararsa kai tsaye, a nemi tsaransa guda ɗaya mai riƙe asiri ya je. Namiji ba ya keɓewa da matar wani da sunan gyara, ko da dattijon ikilisiya ne. Wannan aikin matar fasto ne ko wata uwa daga Zumuntar Mata, kamar yadda Titus 2:3-5 ta tsara.

Idan bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu, a kuma sanar da shi za a zo. Kada su zama 'yan ɗakinku duka, sai ya ga taron dangi aka yi masa. Ɗaya ya zama wanda shi yake jin nauyinsa. Kuma a kiyayi gulma mai sanye da rigar addu'a, irin "mu tuna da wane cikin addu'a, kun dai san abin da ya yi". Amma duk wannan rufin asiri bai shafi dukan da ya kai ga rauni ko lalata da yaro ba. A nan, a fara kuɓutar da wanda ake cuta, a kai maganar ga hukuma.

Mataki na ƙarshe shi ne dattawa, har ta yiwu a sa mutum a horo. Inda ake kuskure shi ne a sanar da horon, a manta da mutumin. Ba a faɗi abin da ake jira ya gyara ba, ba a sa ranar sake zama ba, ba mai leƙa shi, sai a wayi gari ya daina zuwa gaba ɗaya. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa su yafe su ƙarfafa irin wannan, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korintiyawa 2:6-8). Dattawa su rubuta sharaɗin da ranar da za su sake dubawa, su ɗora wa mutum ɗaya ziyararsa kowane mako. A ci gaba da gayyatarsa gayya, a je masa gaisuwa idan an yi masa rashi. Ranar da aka karɓe shi, a sanar a gaban jama'ar da aka sanar da horon, fasto ya miƙa masa hannu kowa na gani, ya koma bencin da ya saba zama.