Abin da na koya a hannun malamaina na tiyatar hanta

Idan likita ya gama shekarun horonsa na tiyata, ya ci jarrabawa, aka miƙa masa takarda, 'yan uwa da abokai sukan ɗauka magana ta ƙare. Shi ya sa da na ce zan sake komawa ƙarƙashin wani don in ƙware a tiyatar hanta da madaciya kaɗai, aka yi ta tambayata me kuma ya rage. Horon farko yana koya wa mutum ya yi aiki lafiya a ko'ina cikin ciki. Wannan na biyun, wanda yawanci shekara ɗaya ne ko biyu, zaunar da kai yake yi a gaban gaɓa guda da malami ɗaya ko biyu, safe da yamma, har tunaninka ya fara bin sawun nasu. Koyar da tiyata ta hanyar ɗora wa ɗalibi nauyi kaɗan-kaɗan ba sabon abu ba ne, likitan tiyata William Halsted ya kafa wannan tsari a asibitin Johns Hopkins na Amurka bayan buɗe shi a 1889. Sai dai tsarin ba ya tafiya sai da mutumin da zai tsaya a ɗaya gefen gadon tiyata, kuma a kan wannan mutumin nake son yin magana.

Malam bai fara da ba ni wuƙa ba. Farar takarda da fensir ya ba ni. Duk aikin da za mu yi gobe, sai na zauna gaban hoton sikanin mara lafiyar na zana hantarsa da hannuna: inda ƙarin yake, jijiyar da ke kai masa jini, wadda ke kwashewa, da layin da nake ganin ya kamata a bi a yanka. Tun 1957 likitan nan na Faransa, Claude Couinaud, ya bayyana cewa hanta sassa takwas ce, kowane sashe da jijiyoyinsa da bututun ruwan madaciyarsa, don haka ana iya cire ɗaya a bar sauran da ransu. Na haddace wannan tun ina ɗalibi. Amma hantar littafi ɗaya ce, ta mutane kuwa kowa da irin tasa. Da safe Malam zai karɓi zanen ya dube shi shiru, sannan ya ɗora yatsa a wuri guda ya ce, "Likita, idan ka ɗaure nan, me zai ciyar da sashe na huɗu?" Daga nan sai lissafin abin da zai saura. Mai lafiyayyar hanta yana buƙatar a bar masa abin da bai gaza kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba, wanda hantarsa ta riga ta ƙandare kuwa sai kusan kashi 40. Akwai marasa lafiyar da a kan wannan takardar aka fasa yi musu aiki, kuma hakan ne alheri a gare su.

Da aka fara ba ni wuƙar, aiki ya riƙa tafiya sumul. Duk inda na kai almakashi sai in tarar wurin a buɗe, nama a miƙe, haske ya sauka daidai, jijiyar da nake nema ta fito fili. Sai daga baya, ranar da Malam ya koma bayan kafaɗata ya sa wani ƙaramin likita ya riƙe mini, na gane daga ina sauƙin nan yake zuwa. Hantar ce dai, hannuna ne dai, amma wurin ya ƙi buɗewa. Ashe da hannun hagunsa da bakin robar zuƙe jini yake jan aikin tun farko. Yakan ɗaga hanta ya karkata ta kaɗan, ya ajiye bakin robar daidai inda ya kamata in yanka, ni kuma in bi. Wannan shi ne babban haɗarin da ke cikin horo a hannun gwani: mutum zai iya cika littafinsa da ayyukan da aka rubuta shi ya yi, alhali bai taɓa buɗe wa kansa wuri ba. Malamin kirki ya san da haka, don haka da gangan yake janye hannunsa.

Akwai ma'aunin da ake amfani da shi a wasu wuraren horo, wanda aka sa wa sunan likitan Amurka Joseph Zwischenberger. Matakai huɗu ne: malami yana yi yana bayani, sai ɗalibi yana yi malami yana jan sa, sai ɗalibi yana jan aikin malami yana taya shi kawai, sai kuma malami ya tsaya yana kallo. Amfaninsa a wurina shi ne ya ba mu hanyar faɗa wa juna gaskiya. Bayan kowane aiki nakan tambayi Malam a wane mataki muka yi shi, kuma sau da yawa amsarsa takan zo ƙasa da yadda na zata.

Ranar da ba na mantawa, muna tsakiyar raba hanta sai wata jijiya ta yage, jini mai duhu ya cika wurin cikin ƙiftawar ido. Malam bai karɓe kayan aiki daga hannuna ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Danne da ƙyalle. Kada ka kama abin da ba ka gani. Faɗa wa mai ba da maganin barci halin da ake ciki." Na danne, na faɗa. Ya ce a ja zaren da muka riga muka zagaya wa jijiyoyin da ke shiga hanta, dabarar da James Hogarth Pringle na Gilasgo ya bayyana a 1908. Akan matse kamar minti 15, a saki minti 5 don hanta ta sha jini. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga murya ta faɗi lokacin da aka matse. Muka jira. Da na ɗaga ƙyallen a hankali sai ga ramin, bai kai ƙwayar wake ba. Ɗinki biyu suka rufe shi. Ya san iyakar da zai bar ni in kai, kuma na tabbata da na wuce ta da ya karɓa nan take, domin ran mutum ne a kan gadon.

A nan nake raba hanya da masu cewa tsawa da cin fuska su ne suke gina likitan tiyata. Na yi aiki a ɗakunan da ake jifa da kayan aiki, na ga abin da hakan ke haifarwa. Ƙaramin likitan da ke tsoron tsawa ba zai buga waya tsakar dare ya ce ruwan da ke fitowa daga robar cikin mara lafiya ya koma kore, alamar ruwan madaciya na yoyo, ba, zai jira gari ya waye, kuma mara lafiya ne zai biya. Malam yana da tsanani ƙwarai, ba ya yarda da "ina jin" ko "wataƙila" a zagayen marasa lafiya. Amma ko ƙarfe nawa ka kira shi, abin da yake fara cewa shi ne, "Ka kyauta da ka kira."

Haka yake a taron da ake bitar matsaloli da mace-mace, al'adar da ta samo tushe daga Ernest Codman na Boston, wanda tun farkon ƙarni na 20 ya dage sai an bi kowane mara lafiya an ga ƙarshen aikin da aka yi masa. Idan aikin da muka yi tare ya samu matsala, Malam ne ke miƙewa ya ce, "Mara lafiyata ne, ni na yanke shawarar." Gyaran da zai yi mini sai mun koma ofis ya rufe ƙofa, a can kuwa ba ya rage komai.

Malamata ta biyu ita ta juya ni ta ɗaya fuskar. A watannin ƙarshe ta ce duk cire madaciya ta kyamara da ya zo, ni zan tsaya wa ƙananan likitoci. Sharaɗinta ɗaya, wanda likitan tiyata Steven Strasberg ya shimfiɗa a 1995: ba a datse komai sai an share kitsen da ke wuyan madaciya, an ɗaga ƙasanta daga jikin hanta, an ga abu biyu kacal suna shiga cikinta, bututunta da jijiyarta. Rashin wannan haƙurin ne ke sa a yanke babban bututun madaciya, raunin da kan bi mutum shekaru. Tsayawa kana kallon hannun da bai nuna ba yana lalube, alhali ka san da kai ne da tuni an gama, ya fi yin aikin wuya nesa ba kusa ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "Da baki za ka yi, Likita, ba da hannu ba."

Yanzu da nake da nawa ɗaliban, kafin mu wanke hannu nakan zauna da wanda zai shiga da ni mu yanke wane ɓangare ne nasa, da kuma alamar da idan na gan ta zan karɓa ba tare da ja-in-ja ba. Mara lafiya ma nakan gaya masa tun a ɗaki cewa likita mai neman ƙwarewa zai yi wani sashe na aikin, ina tsaye a kansa. Bayan an rufe ciki, kafin kowa ya watse, mukan ɗauki 'yan mintuna ya faɗi inda ya ji hannuna ya ja shi, ni kuma in faɗa masa wuraren da bai lura ba.