Abin da na koya daga faston sansanin Bethulie

A nazarin da na yi kan yaƙin da Ingila ta gwabza da Turawan Boer a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar aikin wani matashin fasto mai suna A. D. Lückhoff. Bayan sojojin Kitchener, babban kwamandan Ingila a yaƙin, sun ƙone gonaki da gidaje domin hana mayaƙan Boer abinci da mafaka, sai aka kwashe matan Boer da yaransu aka tsare su a tantuna cikin sansanoni, inda ƙyanda da taifot da ciwon huhu suka yi ta ɗibar su. Fiye da mutum 26,000 suka rasu, akasarinsu ƙananan yara.

A watan Agusta na 1901 Lückhoff ya isa sansanin Bethulie, ɗaya daga cikin mafiya muni, kuma abin da yake rubutawa kullum, wanda aka buga a 1904, ya nuna cewa wa'azi kaɗan ne daga cikin aikinsa. Yini yake yi yana shiga tanti yana fita, ya karanta Zabura a kan mai jinya, ya zauna da uwar da ta rasa ɗa yau bayan ta rasa wani jiya, sannan ya raka gawarwaki makabarta, a lokacin da katakon akwatin gawa ma ya yi wuya har ana binne wasu cikin bargo. Ba shi da magani, ba shi da ikon buɗe ƙofar sansanin, duk da haka bai ɗauki wannan hujjar zama gefe ba. Daga nan na fahimci cewa ta'aziyya da dubiya aiki ne mai cin jiki, domin cikin wata biyu lafiyarsa ta karye, dole ya bar wurin.

Ya kuma sauya yadda nake karanta alƙaluma. Rahoton da Emily Hobhouse, wata 'yar Ingila da ta ziyarci sansanonin, ta fitar a 1901 ya girgiza mutanen Ingila, amma rubutun faston ne ya sa na ga mutum ɗaya-ɗaya a bayan kowace lamba. Abin da ke damuna har yanzu shi ne baƙaƙen fata da aka tsare a nasu sansanonin, inda aƙalla 14,000 suka mutu, da yawa ba a ko rubuta sunayensu ba.