Gwiwar hannun Gwaggo

Laraba. Hazo tun asuba, ko masallacin bakin layi ba a hangowa. Na tashi daga aikin safe ƙarfe biyu, na tarar Inna ta yi ɗanwake da mai da yaji. Har na ce yau rana ta yi kyau.

Bayan la'asar sai ga Gwaggo, a lulluɓe har yatsu. Ta ja ni ɗaki ta naɗe hannun riga. Soriyasis ɗinta, ciwon fatar nan mai yin ɓawo, ya tashi fiye da na bara: gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙugu, bayan kunne, duk faci-faci masu kauri, samansu fari-fari kamar toka, ƙasansu ya yi duhu. A baƙar fata ba ya fitowa ja kamar a hotunan littafi, shi ya sa ake ta ce masa kirci ko makero.

"Gwaggo, me kika sha?"

"'Yar nan, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne daga kemis. Sati uku, kamar an share da tsintsiya. Suna ƙarewa ya dawo da ƙannensa."

Dexa ce, wato dexamethasone, ƙwayar kwantar da kumburi. Raina ya ɓaci. Ita da prednisolone suna kwantar da ciwon da sauri, amma in aka yanke su lokaci ɗaya sai ya taso da ƙarfin da ya fi na da. Na gaya mata in ta ga jiki ya yi ja ko'ina, ko ƙuraje masu farin ruwa da zazzaɓi da rawar sanyi, a daren za a tafi asibiti, ba a jiran safiya.

Sai maganar soso. Tana dirzar wurin da soso da ruwan zafi wai ɓawon ya fita. Fatar lafiyayye tana sabuntawa cikin kusan wata guda, tata kuwa cikin kwana 3 zuwa 4, don haka ɓawon da aka kankare yau gobe ya dawo. Mafi muni, duk inda aka karce ko aka ji rauni, bayan kamar sati biyu sabon faci na iya fitowa a kan layin. Na ce ta ajiye soso. Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanka kada ya wuce minti 10, sabulu marar ƙamshi, a ɗan danna tawul ba gogewa ba. Kafin minti 3 su wuce, jiki da sauran laima, a shafa basilin ko man kaɗanya, a ƙara kafin barci. A hunturun nan ko sau uku ma. Ɓawo mai kauri a cika shi da mai da dare, da safe zai saki da kansa.

Ta fito da clobetasol, maganin shafawa mai ƙarfi, daga jaka, har fuska take shafawa. A'a. Ba na fuska ba ne, ba na hammata ko matsematsi ba, yana sirantar da fata. Abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Kada ya wuce sati 4 a jere sai likita ya sake dubawa. Maganin hawan jininta atenolol ne, yana cikin masu iya tayar da ciwon, kamar chloroquine. Na ce kada ta daina da kanta, ta tafi da kwalin a duba.

Tana ɗaura ɗankwali ta ce a gida an ware mata kwano da buta, jikoki ma an hana su hawa gadonta. Ciwon da ba a ɗauka ko da an kwana shimfiɗa ɗaya! Da magariba na sa aka zuba mana tuwo kwano ɗaya. Ta yi ta janye hannu.

A nan na lura da manuniyarta ta dama, ta kumbura gaba ɗaya, farcen ya yi 'yan ramuka. Ta ce da safe sai ta fi rabin awa kafin yatsun su lanƙwasu. Ciwon ya kan shiga gaɓoɓi, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take.

Litinin za mu ga likitan fata. Yaya ya ce zai kai mu. Ƙarfe ɗaya saura yanzu, yatsar nan ta hana ni barci.